Shafin da Tasalla Ta Bari

Ranar da yayata Tasalla ta hau a-kori-kura a Auyo
ba ta ɗauki tukunya ba, ba ta ɗauki tabarma ba.
Rakoda ce a jakar kaba, da batir shida,
da littafi mai shuɗin bango
da ta saya da kuɗin gyaɗar da muka ɓare tare.
Inna ta ce tafin ƙafar yarinyar nan da ƙaiƙayi aka haife shi.
Baba bai tanka ba, ya ci gaba da ɗinkin komarsa.

Daga nan sai Laraba.
Kowace Laraba bayan lisha
mu kifa turmi, mu ɗora rediyo,
mu karkata eriya wajen tsamiyar gabas,
sai ga ta kamar a bakin murhu take zaune:
"Jama'a, yau ma daga bakin hanya nake."

Ita ta kai mu Maigatari ba mu biya kuɗin mota ba,
muka ji raƙumi yana musu da dillali.
Ta shiga kwalekwale a Baturiya,
ta sa Malam Barde ya lissafa mata tsuntsaye,
dinya, kirinjijiya, zalɓe,
har ya zo kan wadda ya daina gani
tun da kacalla ta shaƙe hanyar ruwa.
Sai ya yi shiru.
Ba ta yanke shirun ba.
An ce shugabanta ya yi faɗa, wai minti kuɗi ne.
Ta ce masa shirun ma labari ne.

Shekarar ambaliya ta ɗora rakodar a ka kamar ƙwaryar nono,
ruwa har ƙirji, tana tambayar mata abin da suka fara ɗauka.
Wata ta ce akuya. Wata ta ce irin shuka.
Masu cewa mace ba ta kwana a tasha
su ne masu cewa, ke Yelwa, ƙara murya mana.

Wasiƙu suka zo daga Agadas, daga Kumasi.
Littattafai uku ta buga.
Ta taɓa sayen ƙosai a Gujungu
aka naɗe mata shi da shafin ɗayansu,
ta yi dariya har ta ƙware,
ta ce aƙalla ya shiga gidan mutane.

Ni kuwa na zauna.
Na haifi bakwai, na rufe biyu.
Da Inna ta rasu sai bayan sadakar uku ta iso,
da dabino a leda.
Ban karɓa ba. Ba zan ɓoye wannan ba.

Shekara talatin da ɗaya, sannan hanya ta dawo da ita,
ɓarin dama a shanye, harshen ya yi nauyi,
muryar da ta cika gidajen ƙasar nan
yau ruwa ma da ido take roƙonsa.
Adakarta na ƙarƙashin gadona,
kaset-kaset, da littattafan da gara ta fara karantawa.
Da yamma ina karanta mata, a hankali,
da karatuna na ajin manya.
In na yi tuntuɓe a sunan gari sai ta buga gwiwata.

Jiya na kai ga mai shuɗin bangon.
Shafin farko, sunan ƙauyenmu ne a sama,
ƙarƙashinsa kalma uku: sai na dawo.
Sauran fari fat.

Na dube ta. Ta dubi adaka.
Na aiki jikana ya sayo batir,
na goge rakodar da bakin zane.
Ta miƙo hannun hagu, ta danna jan maɓallin da kanta,
ta kawo shi daidai bakina
yadda ta yi wa masunta da dillalai.

Na rasa ta inda zan fara.
Ta jira. Ba ta yanke shirun ba.
Can na ce, akwai wata tsamiya a gabas da gidanmu.