Mai Barci da Mai Gudu

Shekara ashirin da shida ina liƙa suna a jikin kwalabe,
ni Nelida, a asibitin kan tudu a Valparaíso,
inda taga ke kallon jiragen ruwa, su kuwa ba sa kallon kowa.

Da shi na fara, Dakta Hernán Quilodrán, likitan mafitsara,
mai hannun da ba ya rawa.
Mazan tashar ruwa ke zuwa, masu ɗaukar buhu biyu a kafaɗa,
su ɗosana a bakin kujera, hula a cinya,
a yi zancen ƙwallo, a yi na tsadar kifi,
sai an kai bakin ƙofa mutum ya juyo:
"Af, likita, da dare sau bakwai nake tashi."

'Yar aba ce a ƙarƙashin mafitsara, ba ta fi goro ba,
amma in sankara ta sauka a cikinta
sai ka ga ƙato yana lissafin ɗigo.

Shekara goma sha biyu yana yanka, ana sa masa albarka,
har ranar da Don Evaristo, mai gyaran ragar masunta,
ya dire leda a kan tebur, cike da ƙunzugun manya.
"An ce ka cece ni. To, daga me?
Wana yana da irin tawa, ya ƙi wuƙa,
jiya ya yi rawa a bikin jikarsa."

Likita bai ce uffan ba.
Sai da yamma ya ce, "Nelida, iri biyu ce.
Akwai mai barci, har mai ita ya tsufa wani ajalin ya ɗauke shi.
Akwai mai gudu, kafin ka sa takalmi ta shige ƙashi.
Ni duka nake yankawa, don ban san fuskar kowacce ba."

Abin da muka kira kamfani
ɗaki biyu ne a bayan gidan burodi,
firiza uku, ɗalibai biyu da ba a biyan su kan kari.
Ya jinginar da gidan mahaifiyarsa.
Ya koyi sa kwat, ya koyi murmushi ga masu kuɗin Santiago
da ke duba agogo suna tambaya,
"Yaushe saniyar za ta fara ba da nono?"

Daren da ƙasa ta girgiza, wuta ta tafi kwana uku.
Kwalba dubu huɗu, fitsarin maza dubu huɗu,
wasunsu tuni suna kwance a maƙabarta,
duk suka narke.
Na same shi zaune a ƙasa da tocila
yana karanta sunayen ɗaya bayan ɗaya.
Da ya gama ya ce, "Gobe ki sayo sababbin takardun liƙi."

Gwajin farko ya faɗi warwas.
Na biyu ya yi ɗingishi.
Na uku ya zo bayan furfura ta cinye masa kai.
Wasu daga ƙetare suka saye kamfanin, suka sake masa suna,
ko ni ba na iya furtawa.
Ya fanshi gidan. Mahaifiyar ba ta jira ba.

Talatar da ta wuce ɗan Evaristo ya zo, shekararsa hamsin da ɗaya.
Likita ya daɗe yana kallon takardar.
"Taka mai barci ce. Je ka gida.
Ka dawo bayan wata shida mu leƙa ta."

Tsohon yana jira a baranda, dafe da sanda.
Likita ya miƙa hannu. Bai karɓa ba.
Ya dai taɓa bakin hularsa da yatsa biyu,
ya bi ɗansa suka gangara tudu a hankali,
suna tsayawa a kowace kwana.

Na koma kan kwalabena.
Saura goma sha tara kafin a tashi.