Casa'in da Uku

Ƙarfe biyu na rana a Zango,
kwanon shagona yana ƙas-ƙas shi kaɗai
kamar ana soya gyaɗa a kansa.
Idona yana kusurwar allo,
inda wata ƴar lamba take hawa ba tsani.
Saba'in da huɗu.
Saba'in da tara.

Ni na jawo.
Daren Talata na shiga mata ta ƙofar baya,
na ce wa ƙwaƙwalwarta:
gudun da maƙeranki suka yanka miki bai ishe ni ba.
Huɗu da ɗigo biyu? Yi huɗu da takwas.
Na ƙara mata wuta ƙyas,
irin ƙarin barkonon wanda ba shi zai sha miyar ba.
Bidiyon suna uku na jira, da na walimar sauka,
ga Alhaji Kyari yana aiko yaro safe da yamma:
wai ko an gama?

Tamanin da shida.
Fanka ta sauya murya,
ta koma kukan injin markaɗe da aka cika wa wake.
Na kai tafin hannu gefen akwatin, na janye.
Casa'in.
Casa'in da uku.
Allo ya yi shuɗi, sannan baƙi,
na ga fuskata a ciki, baki buɗe.

Cima, ƙanwata, mai riƙe mini kuɗin shago,
ba ta ko ɗago daga littafinta ba.
Ta ce, “Ka ba ta ruwa mana.”
A Damagaram!
Nan da ake bin mai kura da ido tun asuba
a kan jarka biyu.
Akwai masu sanyaya tasu da ruwa, na gani,
amma jikka nawa? Bar zancen.

Na zare waya, na kwance ƙusa huɗu.
Tsakanin haƙarƙarin ƙarfen da ke shan zafi
ga zare, ga audugar shadda, ga ɓurɓushin leshi,
duk daga keken Ma'azu tela da muke bango ɗaya.
Wata bakwai yana ɗinka wa injina bargo
bai karɓi ko dala ba.
Na hure. Na yi atishawa shida.

Da na ɗaga murfin
man da ke tsakani ya bushe, ya tsage
kamar gindin tabki a watan Afrilu.
Na goge da tsumma da ɗan alkol,
na ɗiga sabo, daidai ƙwayar dawa,
kada ya fi haka.
Ƙusa ɗaya ma ashe ba ta zauna ba tun fil'azal,
ƙafa uku take tsaye, kamar murhu.

Kunna.
Arba'in da ɗaya tana hutawa.
Na ɗora mata sunan gidan Kyari, ragon da makaɗan duka.
Sittin da takwas. Saba'in da bakwai.
Tamanin da biyu,
ta tsaya tana haki, ba ta faɗi ba.
Ban yarda da ita ba, ita ma ba ta yarda da ni ba.

Na koma ta ƙofar bayan nan.
Huɗu da takwas ya zama huɗu da biyar,
wutar da na ƙara na rage rabi.
Minti tara na yi asara a kowane bidiyo.
Na ƙirga, sun yi mini ciwo.

Bayan isha'i duwatsun Birni suna amayar da ranar da suka sha,
iskar da ke shigowa ta taga ɗumi gare ta kamar numfashin saniya.
Saba'in da ɗaya.
Saba'in da biyu.
Saba'in da ɗaya.
Cima ta ajiye mini shayi, ta taɓa goshina da bayan hannu,
ta ce, “Kai kuma nawa?”

Ban amsa ba.
Saura kashi huɗu aikin ya cika
aka ɗauke wuta.