Uku da Nema

An sake lallasa mu, uku da nema,
bencin mai shayi a Gwammaja ya zama kotu.

Ɗanliti ya ce, "Sun sayar da Baushe,
sun kwaso mana gurgun doki.
Wa ke sai da rijiya ya sayi guga?"

Tanimu tela bai ɗago ba,
yana tsoma burodi:
"Gwiwar Baushe ta mutu tun bara.
Ku leƙa filin Mahaha da la'asar,
akwai wani yaro, Sagiru,
ƙafar hagu, takalmin aro."

"Bara ma haka ka ce."

Shayi ya huce.
Mai shayi ya nemi kuɗinsa,
ba wanda ya ji.

Ni dai, ran Asabar,
ina layin tikiti.