Kuɗin Sabulu

A Warrington, gefen kogin Mersey,
inda ruwan sama ba ya sallama kafin ya shigo,
nake riƙe da littafin kuɗin wata masana'antar sabulu,
shekara tara ke nan.

Bara Mista Pendlebury ya sayo kwamfutoci
da manhajar da aka ce tana jin numfashin sito.
Fam dubu ɗari huɗu, ban da ladan masu koyarwa.
Ni na sa hannu.
Hannun bai yi rawa ba,
cikina ne ya ɗuri ruwa.

A watan farko allo ya rantse
akwai katan dubu na mai ƙamshin lemo.
Muka shiga sito, sai yanar gizo-gizo, ta asali.
Moira, mai shekara talatin a ƙofar lodi,
ta zaro ɗan littafinta mai maiƙo,
ta lashi yatsa:
"Suna Bolton tun Talata."
Aka buga waya. Suna Bolton.

Daga baya ita ce ta zauna,
da yatsa ɗaya, kamar kaza na tsintar tsaba,
tana ciyar da na'urar abin da ke kanta.
Sai da sanyi ya wuce
allo ya koyi faɗin gaskiya.

Yanzu motoci na tashi kafin bakwai.
Teburin Kieran kuwa babu kowa,
sai kofinsa da ya manta,
har yau an rasa mai ƙarfin halin wankewa.

Ɗazu maigidan ya tsaya a kaina:
"Ilu, ba girin-girin ba. Mun ci ko an ci mu?"
Ba haka ya faɗa ba,
haka dai kunnena ya ji.

Riba ta hau kashi biyu cikin ɗari.
Amma bana manja ya yi araha,
kuma abokan gasarmu na Widnes sun rufe ƙofa.
Bayan an tuƙa tuwo,
wa zai ware gari gefe, ruwa gefe?

Na so in ce masa a garinmu
kwalliya ake tambaya ko ta biya kuɗin sabulu,
ga mu nan sabulu muke tambaya
ko ya biya kuɗin kwalliya.
Na haɗiye. Zancen zai mutu a hanya.

Na juya ga allo.
Akwai gurbin riba, akwai na asara.
Na duba sama da ƙasa,
ban ga inda ake rubuta "ban sani ba tukuna" ba.