Da Rarrafe Na Zaga Gidana

Ran da aka dawo da ɗan Arzika daga asibiti,
numfashinsa na warin kananzir,
barci bai zo mini ba.
Kwalbar lemo ce, in ji uwar,
ita ta zuba, ita ta ajiye bayan ƙofa.
Yaro ya ga kwalba, ya san kwalba,
bai san na ciki ya sake suna ba.

Da na dawo sallar asuba
na tuɓe takalmi, na durƙusa tsakar gida,
ni Jimrau tela, da furfurata,
na kama rarrafe.
Sahura ta leƙo daga madafa:
"Lafiya? Allura ce ta faɗi?"
Na ce, "So nake in ga gidan nan
da idon Nomau."

Ashe daga ƙasa wata duniya ce.
Bokitin wankin da nake tsallakewa kullum
rijiya ce mai buɗaɗɗen baki,
ruwan bai kai taƙi ba,
amma ya ishi hancin ɗan wata goma.
Wayar caji na lilo kamar wutsiyar kyanwa
tana cewa zo ka ja ni.
Ƙarƙashin gadon Inna Tsahara
ƙwayoyin hawan jini biyu, jajaye,
sak alewar ƙofar lakwal.
Butar shayina bisa gawayi
ta miƙo mariƙinta kamar mai son gaisawa.

Na zo gindin kekena ina shirin yi wa mata faɗa,
sai ga allura huɗu, guntun reza,
duk nawa.
Na haɗiye faɗan.

An ce yaro bai san wuta ba sai ya taka.
To, ban yarda tafin ƙafar ɗana
ya zama allon karatunsa ba.

Kafin hantsi na kafa katako can sama,
magani ya hau, ashana ta hau, reza ta hau.
Randa ta sami murfi da dutse a kai.
Bokiti ya kwanta rub da ciki.
Ƙofar gida ta sami sakata,
don daga zaure zuwa gudron taku tara ne,
na ƙirga,
kabu-kabu kuwa ba ya ƙirgawa.

Amma Hurera fa?
Shekara bakwai, ƙafa kamar ta barewa.
Wa zai ɗinka wa tabkin Babaye murfi
in damina ta cika shi,
ƴan Garkawa na kiranta wanka?
Nan guduma ba ta aiki sai baki.
Na zaunar da ita, na ce:
ruwan da ba ki ga ƙasansa ba, ba abokinki ba ne.
Wanda ya ce zo in ba ki, kar ki gaya wa kowa,
shi za ki fara gaya mini,
ko da dare, ko ina fushi.
Ta ce, "Ko kana fushi?"
Na ce, ko ina fushi.

Da la'asar gwiwata na zogi,
ina zaune ina jin na gama da duniya.
Nomau ya rarrafo, ya dafa ni,
kumatunsa guda a kumbure, yana dariya.
Na sa yatsa a hankali.
Maɓallin riga, shuɗi, jiƙe da miyau,
wanda na nema tun shekaranjiya.

Sahura ba ta ce komai ba.
Ta dai ajiye mini tsumma bakin ƙofa
na ɗaure gwiwa,
saboda gobe.