Na Huɗu a Layi

Ƙarfe uku na dare, ruwa na dukan Ajegunle.
Mu shida a bayan mota, gwiwa na gugar gwiwa.
Rigar sulke ta jiƙe,
tana warin wanda ya sa ta kafin ni.
Saja Oyelaran na taunar goron da na ba shi,
tun Apapa bai ce uffan ba.

Ni ne na huɗu a layi.
Aikina hannu a kafaɗar Nduka,
in matsa sau ɗaya, mu kutsa.
Na san kafaɗar nan
fiye da fuskar ɗana a Gumel.

Ƙofa ta faɗi.
Tukunyar wake kan risho,
wata tsohuwa ta ɗaga hannu sama
da ludayi a ciki.
Lambar gidan ce ba ita ba.

Muka fito da baya-baya.
Nduka ya tsaya ɗaure mata ƙyaure
da igiyar takalminsa.

Da asuba, bakin famfon bariki,
na wanke hannu sau uku,
ludayin nan bai sauka ba.