Ministan Harkokin Waje

Ni ne Ministan Harkokin Waje
na Jamhuriyar Tsamiya Biyu,
ƙasa mai taku arba'in da bakwai daga zaure zuwa makewayi,
a Gyallesu, bayan injin markaɗe.
Kada ka wahalar da kanka a taswira,
mai zanen bai taɓa zuwa unguwarmu ba.

Malam Dalhatu mai gyaran agogo ne ya kafa ta
wata Laraba, bayan rabon gado,
ranar da aka ja bulo a tsakiyar gidan ubansu.
Rijiya ta faɗa wa ƙanensa Haliru,
shi ya tashi da tsamiya biyu da ɓacin rai.
Ya ce, "Tunda an raba, a raba gaba ɗaya."
Ya yagi koren zanen gado ya ɗaura a gora,
ya naɗa ni minista don ina da biro
kuma na taɓa aiki a gidan waya na Sabon Gari.

Ofishina benci ne a zaure.
Hatimi kuwa, wani yaro a Kwangila ya sassaƙa mana da tsohon silifa,
sai ka ƙura ido ka gane tsamiya ce, ba kabeji ba.
Na rubuta wa Majalisar Ɗinkin Duniya sau tara,
na rubuta wa Nijar, na rubuta wa Chadi,
har da wata ƙasa da na tsinci sunanta a rediyo da asuba.
Wasiƙa ɗaya ce ta dawo,
wai kan sarki bai cika ba.
Muka rataye ta a bango. Ai ita ma amsa ce.

Fasfo shida gare mu:
na Shugaba, nawa,
huɗu suna jiran 'yan ƙasa su ƙaru.
Mai shayin bakin titi ya amince da 'yancinmu
muddin ana biyan bashinsa ran Juma'a.

Amma babbar harka tana bayan katanga.
Akuyar Haliru ta tsallako ba biza
ta cinye rabin tuta.
Na rubuta takardar koke, na miƙa ta saman bulo,
Hansatu matarsa ta ƙunshe daddawa da ita.
Yarjejeniyar kwata ta ci mana wata uku:
ruwan wankinsu ya bi ta ƙasarmu,
mu kuma guga biyu kullum daga rijiya.
Ni ke ɗaukowa, Shugaba ba ya taka ƙasar waje.

Shekara goma sha ɗaya.
Ciki ɗaya suka fito, nono ɗaya suka sha,
ba sa gaisawa sai ta bakina.
Dalhatu ya ce, "Gaya masa azzalumi ne,"
in je in ce, "Yayanka na tambayar ƙafarka, ta yi sauƙi?"
Haliru ya ce, "Ya dafa tutarsa ya ci,"
in dawo in ce, "Yana gaisuwa."
Aikin ke nan. Saura duk ɓarnar tawada ce.

Da daminar bana ciwo ya kwantar da Shugaba.
Muka kai shi Shika, muka dawo da ledar magani.
Agogunan mutane suka tsaya a kan tebur,
kowanne ya kafe a nasa lokacin.

Daren Asabar na ji motsi a kan iyaka.
Kwano ne bisa katanga, an rufe da faifai,
kunun tsamiya, da ɗuminsa.
Tsamiyar tamu ce, ta reshen da ya leƙa gefensu,
wanda na rubuta takarda uku a kansa.
Ban nemi harajin kaya ba.

Can sai ga Haliru a zaure, takalmi a hannu,
ya ce, "Minista, ana shiga?"
Na jawo fasfo na uku, hannuna na rawa,
kafin in gama harafin farko na sunansa
ya riga ya wuce ciki.

Na koma kan benci, ruwa na ɗiga ta hujin kwano,
ina jiyo murya biyu, ƙasa-ƙasa,
babu mai kirana in fassara.
Na buɗe littafi na rubuta:
yau ƙasa ɗaya ta amince da mu.

Gobe ban sani ba ko ina da aiki.